Labarin kwikwiyona mai dalalar yawu

Ni mutumin karkarar Zariya ne, ta wajen hanyar Giwa, kuma noma da kiwo ne sana'ata. Ina da ɗan gidan gona a bayan gari inda nake ajiye awaki da tumaki da kajin ƙwai, in damina ta faɗi kuma in shuka masara da waken suya. Duk wanda ya taɓa kiwo a wurin da ba katanga ya san amfanin kare. Ɓarawon akuya bai damu da maigadin da ke gyangyaɗi ba, haushi yake tsoro. Kawuna, wan mahaifiyata, tsohon mafarauci ne, kuma daga wurinsa nake samun 'yan kwikwiyo duk lokacin da karyarsa ta haihu. Karnukan gida ne, masu siririn baki da matsattsen leɓe, ba irin manyan nan na ƙasashen waje ba kamar Boerboel, waɗanda leɓensu ke reto, yawu na zuba ko lafiyarsu ƙalau. Karen gida ba ya dalala haka kawai. In ka ga ƙirjinsa ya jiƙe da yawu, akwai dalili.

Akwai wani ja da na karɓo, yara suka sa masa suna Barkono. Yana da kamar wata huɗu a duniya lokacin da abin ya faru. Da safe uwargidana ta fita da ragowar tuwon dare za ta zuba masa, sai ta dawo da kwanon a hannu.

"Maigida, zo ka ga karen nan. Bakinsa ba daidai yake ba."

Na tarar da shi a gindin rumbu, yawu yana zarya daga gefen bakinsa har ƙasa, gashin ƙirjinsa ya jiƙe sharkaf. Yana sa ƙafar gaba yana karce bakinsa, yana buɗewa yana rufewa, yana goga fuska a ƙasa. Da aka ajiye tuwon ya matso da sauri, ya shinshina, ya kai baki, sai ya ja da baya yana ƙara.

Ban san ta yadda maganar ta fita ba, amma gidan da ke da yara ba ya riƙe sirri. Kafin hantsi ƙofar gidana ta cika, wasu da sanduna, wani har da fartanya. Wani dattijo maƙwabcina, mutumin kirki da muke sallah sahu ɗaya, ya ja ni gefe.

"Malam, ka yi haƙuri, ba don mun raina ka ba. Karen nan ya haukace. A kashe shi tun bai ciji yaran mutane ba."

Ban ga laifinsu ba ko kaɗan. Shekarun baya an yi wani yaro a ƙauyen da ke kusa da mu wanda kare ya ciza a ƙafa, ciwon ya warke, kowa ya manta, bayan wata biyu ko uku ya fara firgita in ya ga ruwa, ya rasu a cikin wani hali da waɗanda suka gani ba sa son tunawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu zai yi. Na ɗauko katin rigakafin Barkono na nuna musu, don an yi masa allurar ciwon hauka da ya cika wata uku, amma a irin wannan lokacin ba mai karanta kati. Wani matashi ya ce a kawo ruwa a kwano, in ya sha lafiyarsa lau, in ya ƙi to hauka ce. Aka kawo. Barkono ya lasa kaɗan ya bari. Sai gardama ta koma kan ko wannan sha ne ko ba sha ba.

Ana cikin haka Kawu ya iso a kan kekensa, don na aika yaro tun farko. Bai yi gaggawa ba. Ya jingine keken, ya gaisa da manya, sannan ya tambaya:

"Ya ciji wani?"

Aka ce a'a.

"Ya yagi wani, ko ya lashi wani a kan ciwo?"

Aka ce a'a.

"To ku ja baya, ku kwashe yara. Kai kuma," ya juyo gare ni, "kada ka kuskura ka sa hannunka a bakinsa, ko da kana ganin abin da ya maƙale. Kawo kejin kaji."

Da doguwar sanda muka lallaɓa shi ya shiga kejin, muka ɗaure ƙofar da waya. Kawu ya tsuguna daga nesa ya kira sunansa, Barkono ya kaɗa wutsiya. Kawu ya ce wannan ba hujja ba ce, ya ga mahaukacin kare da ya san mai shi har ranar mutuwarsa. Hujjarsa ita ce karen yana cikin keji, ba wanda zai iya cuta, don haka ba abin da za a rasa in an kai shi wurin masu ilimin abin. Mai unguwa ya yarda da wannan, da sharaɗin kada karen ya kwana a sake.

Muka ɗauki shatar a-daidaita-sahu zuwa asibitin dabbobi a cikin Zariya. A hanya abin ya ƙaru. Yawun ya riƙa zuba ba tsayawa, ya yi amai sau biyu, mai mashin yana ta waiwaye yana salati. Ni kaina a lokacin zuciyata ta fara raya min ko mutanen unguwa ne ke da gaskiya.

Likitar da muka tarar mace ce, ba ta da yawan shekaru. Abin da ya fara burge ni shi ne ba ta taɓa karen ba sai da ta gama da ni. Watansa nawa? Yaushe aka yi masa allura? Uwarsa fa, ana yi mata? Wani baƙon kare ya taɓa cizonsa? Me ya ci jiya? An fesa maganin ƙwari a gidan, ko an sa maganin ɓera? Yana zawo? Muryarsa ta sauya? Ta duba katin ta ƙirga kwanaki, ta ce allurar hauka sai ta yi kamar mako huɗu a jiki kafin a dogara da ita, kuma in an riga an ciji kwikwiyo kafin a yi masa, ba lallai ta tare ba. Da na ba ta labarin gwajin ruwa sai ta girgiza kai.

"Malam, tsoron ruwa a jikin mutum ake ganinsa. Mahaukacin kare yana iya zuwa ya sa baki a ruwa. Kada ku ƙara dogara da wannan gwajin."

Ta sa safar hannu biyu, ta sa gilashi a idonta, ta yi masa allurar da ta sa jikinsa ya saki. Sannan ta buɗe bakin, ta haska tocila, ta ce in matso in gani amma kada in taɓa. A can sama, a ganɗa, wani guntun ƙashin kaza ne ya gindaya daga haƙoran dama zuwa na hagu, ya kafe daram. Gefensa ɗaya ya huda dasashi, wurin ya kumbura, wari yana tashi. Ta sa hantsaki ta murɗa shi kaɗan, ya fito da ɗan jini. Tsawonsa bai kai ɗan yatsana ba. Ta ce irin wannan suna gani kullum, ƙashi ko guntun kara ko ƙayar kifi, wani lokacin zare ya naɗe a ƙarƙashin harshe, kuma mai kare ba zai gani ba don ba wanda ke leƙa saman bakin karensa.

Tun bakin yana buɗe ta nuna min wani abu kuma. Dasashin gaba ya yi ja, wani ɗan ƙaramin haƙori yana girgiɗi, wani sabo yana turowa a bayansa. Ta ce kwikwiyo yana da haƙoran yarinta 28, suna fara zubewa daga wata uku zuwa huɗu, kafin ya kai wata shida ko bakwai manya 42 sun maye gurbinsu. A wannan tsakanin dasashi yana ƙaiƙayi, yawu yana ƙaruwa, kuma shi ya sa kwikwiyo ke tauna duk abin da ya samu, takalmi, igiya, gefen tabarma. Wannan taune-taunen ne ke jawo masa sauran masifun: ya haɗiyi abin da ba a ci, ya ciji wayar lantarki ta ƙona masa harshe, ya tauna batir ko robar da aka zuba magani a ciki. Dalalar fitar haƙori kaɗan ce, in ji ta, kuma kwikwiyon yana ci yana wasa. Da zarar ya daina ci, to a nemi wani dalilin.

Na tambaye ta abin da ya sa ya ƙara rikicewa a hanya. Ta ce wannan jirin mota ne. Sashen da ke cikin kunne mai kula da daidaiton jiki bai gama ƙwari ba a ƙananan karnuka, ga tsoro, sai zuciya ta tashi, kuma duk abin da ya tayar wa kare da zuciya yana sa yawu ya tsinke kafin amai ya zo. Yawancinsu suna dainawa in sun girma.

A nan ta faɗi maganar da na riƙe har yau. Ta ce yawun da ke zuba daga bakin kare hanya biyu ce gare shi: ko jiki yana yin sa fiye da ƙima, ko kuma karen ya kasa haɗiye wanda ake yi kullum. Guba da ɗaci da tashin zuciya suna ƙara shi. Ƙashi a ganɗa, kumburin maƙogwaro da shanyewar muƙamuƙi suna hana haɗiyarsa. Mai kare ba zai iya rabe su da kallon yawun ba, sai ya kalli sauran jikin: ido, tafiya, kashi, numfashi, da abin da ya faru kafin a fara.

Ta rubuta magani, ta ce duk da haka a tsare shi kwana goma ana lura da shi, don hankalin unguwa ya kwanta. Dalilin kwana goman shi ne karen da ƙwayar cutar hauka ta riga ta sauko cikin yawunsa ba ya wuce wannan wa'adin ba tare da ciwon ya bayyana ƙarara ko ya mutu ba. Washegari Barkono ya cinye kunun da aka dama masa, ya lashe kwano. Na zagaya da guntun ƙashin a cikin leda na nuna wa mai unguwa da dattijon maƙwabcina, wanda ya juya shi a hannu ya ce, "Ikon Allah. Wannan ɗan abin?"

Uwargidana kuwa damuwarta daban ce. Yawun ya taɓa gefen rigata da zanen da muka lulluɓe kejin, tana tambayar yaya za a yi da sallah. Na tambayi limaminmu. Ya ce hadisi ya zo cewa in kare ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ana ɗaukar wannan wankin a matsayin bin umarni, ba a ɗauki yawun kare mai rai a matsayin najasa ba, saɓanin Shafi'iyya. Ya ƙara da cewa an yi rangwamen ajiye kare don farauta da tsaron dabbobi da gona. Ita dai ta wanke kayan da ruwan zafi da omo, kuma likita ma da an tambaye ta haka za ta ce.

Daga wannan lokacin na fara lura da abin da a da nake wucewa. Da damina ta kankama, kwaɗi suna taruwa da dare a ƙarƙashin fitilar ɗakin kaji suna cin ƙwari. Wata rana a kan idona Barkono ya cafki wani ƙato, ya sake shi nan take, yana girgiza kai. Cikin minti kaɗan bakinsa ya cika da farar kumfa kamar an kaɗa sabulu. Da baƙo ne ya shigo a lokacin, da ya rantse hauka ce. Kwaɗo yana da wasu ƙulluttai a bayan idanunsa masu fitar da ruwa mai ɗaci da dafi in an matse shi. Tunda na ga abin da ya faru da idona, na sa leda a hannu, na sunkuyar da kansa ƙasa don kada ruwa ya bi ta hanyar numfashi, na riƙa zuba ruwa da buta ta gefen bakin yana fita. Kafin mu kwanta ya dawo daidai. Bai sake kama kwaɗo ba. Harbin rina ko kunama a baki ma yana kawo irin wannan, sai dai shi da kumburin fuska yake zuwa.

Na bazara kuma kowa ya sani, ko da ba a lura. Kare ba ya gumi a jiki sai ɗan kaɗan a tafin ƙafa, da haki yake fitar da zafi. Kwikwiyon da aka ɗaure a rana a watan Afrilu, ko aka bari a ƙarƙashin rufin kwano ba ruwa, zai yi ta haki, yawunsa ya yi kauri, dasashinsa ya yi jajir, daga nan sai tangaɗi. Zafin jikin kare mai lafiya yana tsakanin digiri 38 da 39, in ya haura 41 rayuwarsa tana cikin haɗari. Inuwa da ruwan randa a jiƙa masa jiki, sannan asibiti.

Wanda ya fi taɓa ni shi ne na shekarar da ta biyo baya. Na karɓo wasu 'yan kwikwiyo biyu, ba su fi wata biyu da rabi ba, na bar su a gidan gona. Kaska ta dame su, ta cika kunnuwa da tsakanin yatsu. Yaron da ke taya ni aiki, da kyakkyawar niyya, ya ɗauko fiya-fiyar da muke fesawa a ɗakin ajiya, ya tsiyaya a bokiti, ya yi musu wanka. Ya ce haka ya ga ana yi a garinsu. Ina gona ya zo da gudu.

Abin da na tarar bai yi kama da na ƙashi ko na kwaɗo ba. Yawun tsararo ne, ruwa-ruwa, yana kwarara ba ƙaƙƙautawa. Hawaye na zuba daga idanunsu, sun yi fitsari da zawo a inda suke kwance. Naman jikinsu yana rawa a ƙarƙashin fata, daga kafaɗa zuwa cinya. Da na ɗaga fatar idon ɗaya, baƙin tsakiyar ya tsuke ya zama ɗan ɗigo. Numfashinsu yana gurgur saboda ruwan da ya taru a ƙirji. Warin maganin ya cika wurin. Wani manomi maƙwabcin gona ya ce a ɗura musu manja, wani ya ce madara. Na kira likitar a waya.

"Kada ku ɗura musu komai, Malam. Dabbar da ke rawar jiki ba ta iya haɗiya, zai wuce huhu. Ku sa leda a hannu, ku wanke su da sabulu da ruwa mai yawa, ku sake wankewa. Ku taho da su yanzu, ku taho da kwalbar."

Ɗaya ya mutu kafin mu kai titi. Ɗayan ya kai asibiti da rai, aka yi masa allurar atrofin mai karya irin wannan gubar, aka maimaita, aka sa masa ƙarin ruwa. Ina tsaye na ga yawun yana raguwa har bakin ya bushe. Likitar ta karanta kwalbar ta ce sinadarin DDVP ne, kuma ba sai an sha ba, ta fata yake shiga. Yadda ta bayyana min, jijiya tana aika saƙo ga tsoka ko ga inda ake yin yawu, sannan akwai wani sinadari a jiki da ke katse saƙon in ya gama aiki. Gubar tana kashe wannan mai katsewar, sai saƙon ya yi ta tafiya, komai na jiki ya buɗe a lokaci guda. Jikin kwikwiyo ƙarami ne, abin da babban kare zai iya jurewa shi kashe shi yake yi. Yaron ma da yamma ya yi ta ciwon kai da tashin zuciya, sai da aka kai shi asibiti. A ganina wannan ne ya fi kashe 'yan kwikwiyo a karkararmu ba tare da an sani ba, don maganin yana kowane gida, kuma in kare ya mutu yana kumfa ba mai tambayar da me aka yi masa wanka.

Akwai kuma cututtukan da allurar yarinta ke tarewa, wadda ake farawa daga mako shida zuwa takwas ana maimaitawa har wajen mako goma sha shida. Fabo tana fara da kwikwiyo ya yi lamo, yana lasar leɓe yana dalala, sai amai, sai zawo mai jini da wari wanda in ka taɓa ji ba ka mantawa. Distamfa kuma tana zuwa da kwantsa da majina, daga baya muƙamuƙi ya riƙa motsi shi kaɗai, kumfa na fita. Na ga fabo ta share 'ya'yan karya guda cikin mako ɗaya a gidan wani abokin Kawu.

Abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne abin da ya sami wani abokina mai kiwon awaki a wani ƙauye gaba da namu. An ba shi kwikwiyo ɗan wata biyu da wani abu, wanda uwarsa ta mutu ba a san dalili ba. Yaransa suka ɗauke shi abin wasa. Bayan 'yan makonni kwikwiyon ya yi shiru, ya koma lungu. Bai yi faɗa ba, bai bi kowa da cizo ba. Muƙamuƙinsa na ƙasa ya saki, baki a buɗe, harshe a waje, yawu na zuba, in ya yi ƙoƙarin haushi muryar ta dishe. Abokina ya taɓa jin labarin Barkono a bakin mutane, amma rabin labarin ne ya kai gare shi. Ya ji maganar ƙashi, bai ji maganar keji da safar hannu ba. Ya buɗe bakin, ya zura yatsu har maƙogwaro yana laluben ƙashi. Lokacin hunturu ne, hannunsa duk faso, kuma haƙori ya karce shi a babban yatsa. Da bai sami komai ba sai ya kira ni.

Na tambaye shi yadda ƙafafun baya suke. Ya ce tun jiya yana jan su. Na ce ya ajiye wayar ya je ya wanke hannun da sabulu da ruwa mai gudu na minti goma sha biyar cur, ya duba agogo, sannan ya rufe karen a inda ba mai isa gare shi, kada ya bari a fasa masa kai.

Mutanenmu sun san mahaukacin kare mai gudu yana cizon duk abin da ya tarar. Ba su san akwai nau'i na biyu ba, mai shanye jiki, wanda karen ke yin laushi har ya ba ka tausayi. Ƙwayar cutar tana bin jijiya daga wurin cizo zuwa ƙwaƙwalwa, daga can ta sauko cikin yawu, a daidai lokacin da maƙogwaro ya shanye ya kasa haɗiya. Don haka karen da ya fi kama da wanda ƙashi ya maƙale wa shi ne yawunsa ya fi haɗari. Ƙanƙantar kwikwiyo kuma ba ta hana shi ɗauka, musamman in ba a taɓa yi wa uwarsa allura ba.

Kwikwiyon ya mutu cikin 'yan kwanaki. Ma'aikatan dabbobi suka cire kan suka sa a ƙanƙara aka aika Vom, a Jihar Filato, inda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa take tun 1924. A ƙwaƙwalwa ake gano cutar, shi ya sa karen da aka farfasa wa kai da sanduna aka jefa a rami ya tafi da amsar da waɗanda ya taɓa suke bukata. Ba a jira sakamako ba aka fara yi wa abokina allura, shi da yaransa biyu da karen ya taɓa yagi ko ya lasa a kan ƙurji. Ƙaramin asibitin da ke kusa da su ba shi da ita, sai cikin gari, kuma da kuɗinsa ya saya. Sai da ya sayar da awaki. Tsohuwarsa ta tayar da hankali don ta tuna zamanin da ake yi wa mutum allura a ciki kullum har mako biyu ko fiye. Ta yanzu a dantse ake yi, ranar farko, rana ta uku, ta bakwai, ta goma sha huɗu, wasu wuraren har da ta ashirin da takwas. Sakamakon ya dawo, hauka ce. Dukansu suna nan da rai.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa cutar tana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kashi 99 cikin ɗari daga kare, kuma kashi 40 na waɗanda ake ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In alamun suka bayyana a jikin mutum, kusan ba mai tashi. Abin takaicin shi ne allurar ba sabuwa ba ce, tun 1885 masanin kimiyya Louis Pasteur ya fara yi wa wani yaro ita a Faransa ya tsira, kuma ranar rasuwar Pasteur, 28 ga Satumba, ita ce ranar yaƙi da cutar a duniya. Masana sun ce in aka yi wa kashi 70 cikin ɗari na karnukan wuri allura, yaɗuwarta tana tsayawa.

Bayan wannan mai unguwarmu ya nemi ma'aikatan dabbobi su zo su yi wa karnukan gari allura a filin makarantar firamare. Kawu ne ya fara zuwa da nasa guda huɗu, a ɗaure da igiya ɗaya. Masu gadi da masu kiwo suka biyo baya. Mafarauta ne suka noƙe, wai allura tana kashe wa kare zuciya, ba zai ƙara bin zomo yadda ya saba ba. Kawu ya ce musu su zo ranar farauta su gwada nasu da nasa, aka yi dariya, wasu suka kawo. Kusan rabinsu har yau ba su kawo ba, kuma daga gidajensu ake ci gaba da raba 'yan kwikwiyo ga yaran unguwa duk lokacin da karya ta haihu.